Tarihin Sa Charles Dodds, Likitan Da Ya Haɗa Maganin Mata Na DES

A cikin manyan likitocin ƙasar Ingila na ƙarnin da ya wuce, kaɗan ne suka sami girman da Sa Edward Charles Dodds ya samu. Ya zama Farfesa yana da shekara 25 da haihuwa, ya duba Sarkin Ingila sa'ad da ciwo ya kwantar da shi, a ƙarshe kuma ya shugabanci babbar ƙungiyar likitocin ƙasar. Amma abin da ya sa har yanzu ake ambaton sunansa shi ne wata 'yar ƙwayar magani da shi da abokan aikinsa suka haɗa a shekarar 1938. A jikin kwalba ana rubuta sunanta stilboestrol, Amurkawa kuwa sun fi saninta da haruffa uku, watau DES. Wannan ƙwaya ta sauƙaƙa wa mata da maza masu yawa ciwo, sa'an nan kuma ta cuci 'ya'yan da aka sha ta suna ciki, cutar da ba ta bayyana ba sai da suka yi girma.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Dodds a birnin Liverpool ran 13 ga watan Oktoba, 1899. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Ubansa, Ralph Dodds, ɗan kasuwa ne mai sayar da takalma, kuma neman abinci ya yi ta yawo da iyalin daga wannan gari zuwa wancan. Sun zauna a Leeds, sun zauna a Darlington, daga baya suka gangara kudu kusa da Landan. A makarantar gundumar Harrow ya yi karatunsa na sakandare.

A shekarar 1916, Yaƙin Duniya na Ɗaya yana kan ganiyarsa, ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Asibitin Middlesex da ke Landan. Ya katse karatu ya yi kamar shekara guda a soja, sa'an nan ya dawo ya ƙarasa, ya sami takardar shaidar zama likita a 1921. Wannan asibiti shi ya zama gidansa har ya yi ritaya.

Tun yana ɗalibi aka ga hankalinsa ya fi karkata ga ɗakin gwaje-gwaje a kan ɗakin majiyyata. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne ilmin sinadaran jiki, watau sanin abubuwan da ke cikin jini da fitsari da sauran ruwan jiki, da yadda za a auna su a gane ciwo. A zamanin nan manyan likitoci ba su ɗauki wannan fanni da wani muhimmanci ba, suna ganin aikin likita na gaskiya yana bakin gadon maras lafiya.

Ya yi aure a 1923, ya auri Constance Jordan, Allah ya ba su ɗa guda. A 1924 shi da wani likita mai suna George Beaumont suka wallafa littafi a kan sababbin abubuwan da aka gano a fannin likitanci, littafin ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sake buga shi. A 1925 Jami'ar Landan ta naɗa shi Farfesan ilmin sinadaran jiki. Wani attajiri mai suna Samuel Augustine Courtauld, ɗan gidan masu masaƙu, ya ba da kuɗi aka gina cibiyar bincike a jikin asibitin, aka sa mata sunan Courtauld, aka kuma ba Dodds shugabancinta.

A ƙarshen 1928 Sarki Joji na Biyar ya kwanta ciwo mai tsanani a ƙirji. Cikin waɗanda aka kira fada har da wannan saurayin Farfesa, domin ya yi gwaje-gwajen da manyan likitocin Sarki suke bukata. Sarki ya sami sauƙi, a 1929 kuma aka ba Dodds lambar girma. Tun daga nan sunansa ya fita.

Abin da ake nema

Kafin a fahimci aikin Dodds, sai an san wani abu game da jikin ɗan Adam. Akwai waɗansu sinadarai da jiki ke yi da kansa, ya zuba su cikin jini, su tafi wani sashe na jiki su ba shi umurni. Likitoci suna kiransu homon. Ga mace, ɗaya daga cikin manyansu shi ne istirojin, wanda gidan ƙwanta ke yi. Shi ke sa yarinya ta balaga, nono ya fito, shi ke shirya mahaifa kowane wata. Idan mace ta manyanta haila ta ɗauke, wannan sinadari yakan ragu, sai waɗansu matan su riƙa fama da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, da gumin dare, da rashin barci, da bushewar gaba.

A 1929 masana biyu, Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin, suka tace wani nau'in istirojin daga fitsarin mata masu ciki. Likitoci suka yi murna, amma murnar ba ta je ko'ina ba, domin samunsa akwai wuya ainun. A 1935, da Doisy ya so ya tace nau'in da ya fi ƙarfi, sai da ya tara tan huɗu na gidan ƙwan aladu, abin da ya samu kuwa bai wuce kimanin miligiram 12 ba, ko kan farce ba zai rufe ba. Saboda haka maganin ya yi tsada, sai masu hali. Bugu da ƙari, idan an haɗiye shi hanta takan lalata yawancinsa, tilas sai dai allura.

To, abin da ake nema shi ne istirojin mai araha, wanda za a iya haɗawa a masana'anta, a kuma sha shi kamar kowace ƙwaya. Kamfanonin Jamus, musamman Schering na Balin, suna kan gaba a wannan tsere.

Yadda aka same shi

Yawancin masana sun ɗauka cewa duk abin da zai yi aikin istirojin dole ƙirarsa ta yi daidai da ta wanda jiki ke yi, ƙira mai sarƙaƙiya da wuyar kwaikwayo. Dodds ya yi tunanin ba lalle ba ne. Kamar yadda wani mabuɗin na dabam kan buɗe kwado idan haƙoransa sun dace, haka ya ga wataƙila akwai sinadari mai sauƙin ƙira da zai yi aikin.

Hanyar gwaji kuwa an riga an san ta. Ana cire wa macen ɓera gidan ƙwai, sai jikinta ya daina nuna alamar neman namiji. Idan aka ba ta wani sinadari alamar ta dawo, an san yana aikin istirojin ke nan. A 1933 Dodds da wani masani mai suna James Cook suka nuna cewa wani sinadari haɗin ɗan Adam yana dawo da alamar. Daga nan shi da mataimakinsa Wilfrid Lawson suka shiga gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru.

A 1936 suka ba da rahoton wani mai suna bisfenol A, yana aikin amma ba shi da ƙarfi, sai suka ajiye shi. Shi ne daga baya masana'antu suka ɗauka suna yin roba da shi, har da kwalaben shayar da jarirai, sai a 2011 Tarayyar Turai ta hana sa shi a cikin irin waɗannan kwalabe.

A 1937 suka ba da sanarwar wani sinadari mai suna anol, suka ce ƙarfinsa ya wuce misali. Da sauran masana suka gwada, sai wani ya ga ƙarfin, wani bai gani ba. Abin ya zama abin kunya ga Dodds. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa anol ɗin kansa ba shi da wani ƙarfi, wani gurɓi ne ke samuwa a cikinsa wajen haɗawa, inda ƙwayoyinsa biyu kan manne su zama abu guda. Wannan kuskure shi ya nuna hanya. Dodds ya haɗa kai da Farfesa Robert Robinson na Jami'ar Oxford, wanda ya yi suna wajen haɗa sinadarai, da ɗalibinsa Leon Golberg. Suka zauna suka ƙera sinadarai masu kama da wannan gurɓi, ɗaya daga cikinsu ya fi duk abin da aka taɓa gwadawa.

A watan Fabrairu na 1938 mutanen huɗu, Dodds da Golberg da Lawson da Robinson, suka buga ɗan gajeren rahoto a mujallar kimiyya ta Nature. Sabon maganin yana da ƙarfi, yana aiki ta baki, haɗa shi kuma ba wuya.

Magani ba mai shi

A nan ne wani abu ya faru wanda ya yanke yadda labarin zai kasance. Kuɗin binciken ya fito ne daga Majalisar Binciken Likitanci ta gwamnatin Ingila, ƙa'idarta kuwa a lokacin ita ce abin da aka gano da kuɗin jama'a ba a yi masa rajistar mallaka. Saboda haka ba a yi wa DES rajista ba. Dodds bai mallake shi ba, ba kuma wani kamfani da ya mallake shi. Duk mai masana'anta yana iya karanta rahoton ya haɗa nasa ya sayar.

Alherin wannan a fili yake: maganin ya yi araha, talaka ya samu. Amma akwai wani gefen. Abin da ba shi da mai shi, ba wanda ke jin nauyin tsaronsa. A Amurka kaɗai kamfanoni kimanin 200 ne suka yi ta yin sa a tsawon shekaru, kowa da sunan da ya laƙaba masa, kowa yana neman sabuwar hanyar da zai sayar da shi, ba kuwa wanda ya ga wajibinsa ne ya kashe kuɗi ya bi waɗanda suka sha ya ga abin da ya same su.

Alamun gargaɗi sun fito tun da wuri. A cikin 1938 ɗin nan wani masani Bafaranshe, Antoine Lacassagne, ya nuna cewa maganin yana jawo ciwon dajin nono ga mazan ɓeraye. An kuma ga maza ma'aikatan masana'antun da ke shaƙar ƙurarsa nono yana fito musu. Abin da ya fi ɗaukar hankali, a wannan shekara Dodds da kansa, tare da Alan Parkes da Robert Noble, sun buga sakamakon gwaji a mujallar likitocin Ingila, inda suka nuna cewa idan aka ba ɓeraye da zomaye wannan magani a farkon ciki, cikin yakan lalace. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a dawo kansa.

Amfanin da ya yi

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi jinkiri kafin ta yarda da shi, har sai da kamfanoni suka haɗa rahotannin likitoci wuri guda suka miƙa mata. A watan Satumba na 1941 ta amince a yi amfani da shi don abubuwa huɗu: wahalhalun ɗaukewar haila, bushewa da kumburin gaba ga matan da suka manyanta, ciwon sanyi a gaban 'yan mata ƙanana, da kuma tsayar da ruwan nono ga maijegon da ba za ta shayar ba. Maganar ciwon sanyi ta faɗi da kanta bayan an sami fenisilin.

A wannan shekara ta 1941 wani likita a Shikago, Charles Huggins, ya gano wani amfani babba. Akwai wani ƙullutun nama ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda likitoci ke kira furostet, ciwon daji yakan kama shi ga dattawa, ya bazu cikin ƙashi, ya hana mutum sakat. Huggins ya nuna cewa wannan ciwo da homon na maza yake rayuwa, kuma idan aka ba maras lafiya DES sai homon ɗin ya ragu, ciwon ya lafa. Mutanen da suka kasa tashi daga gado suka miƙe. Wannan na cikin karo na farko da aka ga ƙwayar sha ta danne ciwon dajin da ya riga ya bazu, kuma saboda wannan aiki aka ba Huggins kyautar Nobel a 1966. A 1944 Alexander Haddow a Landan ya nuna cewa irin waɗannan magunguna suna taimakon waɗansu mata masu ciwon dajin nono da ya yi nisa. Likitoci sun dogara da DES a wannan fanni shekaru masu yawa, ko da yake wani babban bincike a asibitocin tsofaffin sojan Amurka ya nuna a 1967 cewa idan an ba da shi da yawa yana ƙara mutuwa ta ciwon zuciya da daskarewar jini.

Sa'ad da aka ba masu ciki

Shawarar ba mata masu ciki wannan magani daga Amurka ta fito. Wani likita a Houston, Karl Karnaky, ya fara gwada shi. Amma waɗanda maganarsu ta fi nauyi su ne wani miji da matarsa na Jami'ar Harvard, George Smith da Olive Smith. Sun lura cewa matan da ke yin ɓari homon nasu yakan yi ƙasa, sai suka yi tsammani raguwar ce ke kawo ɓarin, kuma DES zai tayar da shi. Daga baya aka gane cewa sau da yawa cikin ne ya riga ya fara lalacewa, shi ya sa homon ya ragu.

Tsarin da suka shimfiɗa shi ne a fara da miligiram 5 kowace rana a farkon ciki, a riƙa ƙarawa har ya haura miligiram 100 a rana gab da haihuwa. Matar da haila ta ɗauke mata kuwa kimanin miligiram ɗaya ake ba ta. Gwajin da suka yi ba a tsara shi yadda zai raba gaskiya da zato ba, amma sunan Harvard ya isa. A 1947 hukumar Amurka ta amince a ba da shi don hana ɓari. Maganin da mai shi ya nuna yana zubar da cikin dabbobi, ga shi an mai da shi maganin riƙe ciki.

A 1953 William Dieckmann na Jami'ar Shikago ya ba da sakamakon gwaji na ƙwarai. Ya ɗauki mata masu ciki fiye da 1,600 ya raba su biyu, rabi aka ba su DES, rabi aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta, ba matar da ta san wadda take sha, likitan da ke duba ta ma bai sani ba. Sakamakon ya fito sarai: maganin bai rage ɓari ba, bai rage haihuwar bakwaini ba. Da aka sake duba alƙaluman bayan shekaru, sai aka ga ma waɗanda suka sha shi sun fi samun matsala.

Da an bi wannan sakamako da labarin ya ƙare a nan. Amma ba a bi ba. Matar da ta yi ɓari sau biyu ko uku tana zuwa wurin likita da hawaye, likita yana son ya ba ta wani abu, ƙwayar kuma ga ta da araha. Yawancin masu ciki dama lafiya za su haihu ko an ba su ko ba a ba su ba, sai a ce maganin ne ya yi aiki. Ga kuma talla: a 1957 wani kamfani ya buga a mujallar likitocin mata cewa ya kamata a ba kowace mai ciki nasa samfurin, ko tana da matsala ko ba ta da ita. Likitoci da yawa a lokacin sun gaskata cewa mabiyiya tana tare duk abin da zai cuci ɗan da ke ciki. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa tsakanin 1938 da 1971 mutum miliyan 5 zuwa 10 ne maganin ya shafa a ƙasar, iyaye mata da 'ya'yan da suka haifa. An kuma ba da shi a Holan da Faransa da Ingila da waɗansu ƙasashe.

Har dabbobi ba su tsira ba. Daga 1947 aka riƙa dasa shi a wuyan kaji don su yi ƙiba, sai a 1959 aka hana. Daga 1954 aka riƙa zuba shi cikin abincin shanu, har ya zama yawancin shanun da ake turkewa a Amurka suna cin sa. Ba a hana wannan baki ɗaya ba sai 1979.

Girma a kan girma

Duk wannan lokaci Dodds yana Landan, darajarsa sai hauhawa take yi. A 1942 aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Sarki, wadda ba ta da sama a Ingila. A 1954 Sarauniya ta ba shi lambar da ake kiran mai ita Sa. A 1962 Kwalejin Likitoci ta Sarki da ke Landan ta zaɓe shi shugabanta, ya riƙe har 1966. Wannan zaɓe ya ba mutane mamaki, domin shi ne na farko da ya hau kujerar daga ɗakin gwaje-gwaje. A zamaninsa ne kwalejin ta tashi daga tsohon gininta ta koma sabo a Regent's Park, wanda Sarauniya ta buɗe a 1964. A shekarar nan aka ƙara masa sarautar da ɗa ke gada. Ya yi alfahari da maganinsa har ya sa aka zana ƙirar sinadarin a jikin tambarin gidansa.

Ya yi ritaya a 1965, bayan shekara 40 a kan kujerar Farfesa. Matarsa ta rasu a 1969.

Abin da ya ɓoye ya fito

Tsakanin 1966 da 1969 likitoci a wani asibitin mata na birnin Boston suka ga abin da ba su taɓa gani ba. 'Yan mata suna zuwa da zubar jini, idan an duba sai a tarar da wani irin ciwon daji a farjinsu, ciwon da ba a saba ganinsa ba sai jefi-jefi, shi ma ga tsofaffi. An tara guda takwas, masu shekara 15 zuwa 22. Yawancinsu sai da aka yi musu babbar tiyata, aka cire mahaifa da farji, tun ba su yi aure ba.

Uwar ɗaya daga cikinsu ce ta tambayi likita Howard Ulfelder ko ƙwayar da ta sha tana da cikin yarinyar tana da hannu. Da farko bai ga alaƙa ba, amma ya riƙe maganar, ya tambayi uwa ta gaba, ita ma ta ce ta sha. Shi da Arthur Herbst da David Poskanzer suka yi bincike, suka gwama 'yan matan takwas da waɗansu 32 masu lafiya da aka haifa a lokaci guda a asibitoci guda. Bakwai daga cikin takwas ɗin uwayensu sun sha DES a farkon ciki. Cikin 32 ɗin kuwa ko ɗaya babu. Rahoton ya fito a watan Afrilu na 1971, a watan Nuwamba kuma hukumar Amurka ta gargaɗi likitoci su daina ba masu ciki. Ingila ta bi a 1973, Faransa kuwa sai 1977.

Shekara goma kafin nan, maganin talidomaid ya nuna wa duniya cewa ƙwaya na iya nakasa ɗan ciki, amma wannan ana ganinsa ran haihuwa. DES ya nuna abin da ya fi wannan ban tsoro: jaririya ta fito lafiya lau, ta yi wayo, ta balaga, sa'an nan cutar ta taso bayan shekara goma sha biyar ko ashirin.

Ciwon dajin kansa bai yawaita ba, kimanin ɗaya cikin dubu na 'yan matan ya kama. Abin da ya fi yawa shi ne lahani a mahaifa. Da yawa an haife su da mahaifa ƙunci, mai siffar harafin T, wadda riƙe ciki kan yi mata wuya. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya bi mata fiye da 4,600 da aka sha maganin suna ciki da waɗansu kimanin 1,900 da ba a sha ba, ya nuna girman abin. Rashin haihuwa ya sami 33 cikin ɗari na kashin farko, a kashi na biyu kuwa kimanin 15. Haihuwar bakwaini, 53 cikin ɗari a kan 18. Ciki a wajen mahaifa, kimanin 15 a kan 3. Haɗarin ciwon dajin nono bayan shekara 40 shi ma ya ƙaru. 'Ya'ya maza waɗansu an haife su da lahani a maraina. Uwayen da suka sha su ma haɗarin ciwon dajin nono ya ɗan ƙaru gare su. Ke nan maganin da aka ba uwa don kada ta yi ɓari, shi ya sa 'yarta take ta yin ɓari.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Dodds ya rayu har ya ga fitowar rahoton Boston. Ya rasu a Landan ran 16 ga watan Disamba, 1973, yana da shekara 74, ɗansa Ralph ya gaji sarautar.

Rashin mai shi da ya sa maganin ya yi araha, shi ya dawo ya zama wa matan da aka cuta ƙarfen ƙafa a kotu. Mace ta je neman diyya, sai a ce ta faɗi kamfanin da ya yi ƙwayar da uwarta ta sha shekara ashirin da suka wuce, alhali kamfanoni ɗari biyu ne suka yi iri ɗaya. A 1980 babbar kotun jihar Kalifoniya, a shari'ar wata mata mai suna Judith Sindell, ta yanke hukunci cewa kowane kamfani zai biya gwargwadon kason da yake da shi a kasuwar maganin, sai fa wanda ya tabbatar ba nasa aka sha ba. Kamfanin Eli Lilly, wanda shi ne na ƙarshe da ke yin sa a Amurka, ya daina a 1997. Asibitin Middlesex kansa an rufe shi a 2005.

Masu tarihin likitanci ba su ɗora wa Dodds alhakin ba masu ciki maganin ba, domin shawarar ba daga wurinsa ta fito ba, gwajinsa na 1938 ma akasinta ya nuna. Abin da suka fi nunawa shi ne shekara goma sha takwas da suka shige tsakanin 1953 da 1971, sa'ad da aka riga aka san ƙwayar ba ta hana ɓari amma aka ci gaba da ba da ita. Saboda DES da talidomaid ne a yau ake binciken magani sosai kafin a yarda mai ciki ta sha, ake kuma rubuta gargaɗi a jikin kwali. Duk magidancin da ciki ya sha zube wa iyalinsa ya san yadda zuciya ke kwaɗayin kowace ƙwayar da aka ce tana riƙe ciki, ko a kemis aka gan ta ko a hannun mai talla. Matan Boston a hannun ƙwararrun likitoci suka karɓi tasu, duk da haka ga abin da ya faru, balle wadda aka saya ba tare da an duba mai cikin ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.